Yadda Ake Ɗebo Tsiron Fan na Daji, a Busar da Shi, a Rubuta Bayaninsa Don Ma'ajiyar Tsirrai

Ma'ajiyar busassun tsirrai, wadda ake kira habariyam, wuri ne da ake jera tsirran da aka matse aka busar, kowanne a manne a kan takarda tare da bayanin wanda ya ɗebo shi, da inda ya same shi, da ranar da ya same shi. Wani malamin Italiya mai suna Luca Ghini ake dangantawa da fara wannan aiki a wajajen 1540, kuma har yau hanyar ba ta canza sosai ba. Rajistar Index Herbariorum, wadda lambun tsirrai na New York ke kula da ita, tana ɗauke da ma'ajiyoyi fiye da 3,000 a duniya, masu samfura kusan miliyan 400.

Fan yana cikin tsirran da aka fi ɓata samfurinsu. Shi ne tsiron nan mai ganye tsaga-tsaga da ke fitowa a bakin rafi, da tsagin dutse, da jikin tsohon bango mai laima, wanda sabon ganyensa ke fitowa a nannaɗe kafin ya miƙe. Akwai nau'o'insa kimanin 10,500. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da iri. Da wasu ƙwayoyin haihuwa masu laushin gari yake yaɗuwa, kuma a bayan ganye suke taruwa cikin ɗigo-ɗigo ko layi-layi da masana ke kira sorai. To, mai gano sunan sauran tsirrai da fure da 'ya'ya yake dogara. Mai gano sunan fan kuwa abu 3 ne jarinsa: gindin tsiron, da ƙasan sandar ganyen, da bayan ganyen da ya isa haihuwa. Mai ɗiba da bai san haka ba sai ya tsinko saman ganye mai kyaun gani, ya bar duk abin da ake buƙata a daji.

Mataki na 1: izini da kaya

Ka san mai ƙasar da za ka shiga kafin ka taɓa ko ganye ɗaya. Gandun daji da wuraren da gwamnati ta keɓe suna buƙatar takardar izini, kuma ma'ajiya mai mutunci za ta tambaye ka kwafinta kafin ta karɓi kayanka. Idan samfurin zai tsallaka iyaka, dokoki sun ƙaru. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba kowace ƙasa ikon gindaya sharuɗɗa a kan fitar da albarkatun halittunta. Yarjejeniyar CITES kuma, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, ta sa dogayen fan masu kama da bishiya na dangin Cyathea a jerinta na 2, wato ba a fitar da su sai da takarda.

Kayan ba su da yawa: littafin rubutu mai kaurin bango, fensir, wuƙa ko ƙaramin shebur, almakashin yankan reshe, manyan ledoji, tsofaffin jaridu, kwalaye, takarda mai shan ruwa, alluna 2 na matsewa masu faɗin santimita 30 da tsawon 45, igiya ko bel 2, abin awo, ƙananan ambulan, gilashin ƙara girma mai ninki 10, da waya ko na'urar GPS. Fensir na ce, don tawadar biro tana zuba idan ruwa ko sifirit ya taɓa ta.

Mataki na 2: zaɓen tsiron da za a ɗiba

Kada ka yi gaggawar sa wuƙa. Zaga wurin tukuna ka ga yawan tsiron. Masu ɗiba da dama suna bin ƙa'idar 1 cikin 20: idan ba ka ga tushe 20 ba, ba ka tumɓuke ko ɗaya, sai dai ka yanki ganye guda da ɗan gutsuren gindi, ko ka tsaya a hoto. Akwai dalili. A ƙarni na 19 yayin tara fan ya kama mutanen Birtaniya, har wasu nau'o'i irin su Woodsia ilvensis suka kusa ƙarewa a duwatsun da aka san su da su.

Daga nan sai ka riƙa juya ganye kana duba bayansa. Wanda kake nema shi ne mai sorai da suka nuna amma ba su gama zubewa ba. A nau'o'i da yawa akwai 'yar siririyar fata da ke rufe su, kuma siffarta babbar shaida ce. A dangin Dryopteris siffar ƙoda gare ta. A Polystichum zagayayya ce mai maƙale ta tsakiya. A Asplenium doguwa ce tana bin jijiyar ganye. Polypodium ba shi da ita sam. A Pteris da Adiantum bakin ganyen ne ke lanƙwasowa ya rufe ƙwayoyin. Wannan fata tana yanƙwanewa ta faɗi idan ganye ya tsufa, shi ya sa tsohon ganyen da bayansa ya koma gari ja ba ya amfanar kowa sosai. In ka samu dama ka haɗa da ganye mai ɗanyen sorai da mai nunannu.

Wasu fan ganye iri 2 suke yi, na haihuwa daban, na neman abinci daban, kuma ba su kama da juna. Wasu nau'o'in Osmunda haka suke, da wasu na dangin Blechnum. Platycerium da Drynaria, masu zama a jikin bishiya, suna da faffaɗan ganye a gindi mai tara ruɓaɓɓen ganye da ƙasa, ban da dogon ganyen da ke ɗauke da sorai. Dole ka ɗebo duka biyun daga tushe ɗaya.

Mataki na 3: cirowa

Tona, kada ka fizga. Gindin fan kara ne, ko dai mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa ko a kan dutse, ko gajere mai tsayuwa wanda ganyaye ke fitowa kewaye da shi. Idan mai rarrafe ne, yanko tsawon da zai ɗauki ganye 2 ko 3, don a ga tazarar da ke tsakaninsu. Idan kakkaura ne, tsaga shi biyu a tsaye, kowane rabi da ganyensa, ka ga ka samu samfur 2 ke nan.

Yanzu duba gindin da gilashinka. Za ka ga ko dai gashi ko wasu ƙananan ɓamɓaroki sirara, masu launin ƙasa ko baƙi ko ruwan zuma. Su ne abin da masani zai fara dubawa: launinsu, da bakinsu, da yadda suka maƙale. Na Asplenium, alal misali, raga-raga ne idan an haska su. Saboda haka idan za ka kakkaɓe ƙasa, yi da yatsa a hankali. Wanke gindi da goga yana tafiya da su gaba ɗaya.

Kafin ka sa a leda, yanka ƙasan sandar ganye guda a kwance ka dubi bakin yankan. Za ka ga jijiyoyin ruwa kamar ɗige-ɗige ko lanƙwasasshen layi. Ƙirga su ka zana a littafi. Iyalin Thelypteridaceae 2 gare su, iyalin Dryopteridaceae suna da 3 ko fiye, kuma wannan kaɗai yana raba tsirran da ido ke ɗauka abu ɗaya ne. Bayan bushewa ganinsu yana wuya.

Kowane tsiro da ledarsa, da lambarsa a ciki, a ɗaure baki, a ajiye a inuwa. Fan yana saurin yaushi fiye da yawancin tsirrai. Ganyen da ya yanƙwane a leda ba ya sake miƙewa yadda ake so.

Mataki na 4: lamba da littafi

A nan darajar samfur take. Busasshen fan da ba shi da bayani, komai kyansa, babu ma'ajiyar da za ta ba shi wuri. Mummunan samfur mai cikakken bayani kuwa ana karɓa, ana amfani da shi.

Kowane ɗiba lamba ɗaya gare shi. Ka fara daga 1 ranar da ka fara wannan aiki, ka ci gaba da ƙirga har iyakar rayuwarka, ba komawa baya, ba maimaitawa, ba sake farawa don shekara ta canza. Sunanka da lambar su ne sunan samfurin a duk inda ya je: idan an rubuta sunanka da 412, kowa a duniya ya san tsiro ɗaya ake nufi. Duk abin da aka ciro daga nau'i ɗaya, wuri ɗaya, rana ɗaya, lambarsa ɗaya, ko da kwafi 5 ne. In ka koma tushen nan bayan wata guda, sabuwar lamba ce. In kana shakkar ko tsiro 2 da ke gefen juna nau'i ɗaya ne, raba musu lamba. Haɗa su daga baya abu ne mai sauƙi, amma raba abin da aka cakuɗa ƙarƙashin lamba ɗaya ciwon kai ne da ke bin ma'ajiyoyi shekara da shekaru. Ni dai ban ga amfanin lambobin nan masu haɗa shekara da wata da haruffa ba, kuskure kawai suke jawowa wajen kwafa.

Rubuta lambar a littafi, da jikin jaridar da za ka matse tsiron a ciki, da 'yar takarda da za ka ɗaura wa sandarsa. Sannan, kana tsaye a wurin, ba sai ka koma masauki ba, rubuta waɗannan:

Kwanan wata, da sunan watan a rubuce. Wanda ya ga 3/4 bai san 3 ga Afrilu ake nufi ko 4 ga Maris ba, domin Amurkawa wata suke fara sawa. Shi ya sa tsofaffin masu ɗiba ke rubuta wata da lambar Romawa.

Wuri, daga babba zuwa ƙarami: ƙasa, jiha ko lardi, gari mafi kusa, sannan kwatance da baƙo zai iya bi. "Kusa da rafi" ba kwatance ba ne. "Kilomita 3 arewa maso gabas da gada, mita 50 ƙasa da hanya, a gaɓar yamma" shi ne kwatance. Jingina shi da abin da ba ya tashi, kamar dutse ko mahaɗar kogi, don gona da rumfa suna iya ɓacewa kafin shekara 10.

Latitud da longitud, tare da tsarin da na'urar ke kai, wanda galibi WGS84 ne. Digiri 1 na latitud kimanin kilomita 111 ne, don haka lamba 4 bayan ɗigo tana kai ka kusan mita 11 da wurin. Wannan ya isa. Rubuta kuma girman kuskuren da na'urar ta nuna, domin a ƙarƙashin duhuwar daji ko cikin kwazazzabo, inda fan ya fi so, GPS ba ya gani sosai. Haɗa da tsayin wurin daga teku.

Mazauni. A ƙasa yake, ko a kan dutse, ko a cikin ruwa, ko a jikin bishiya? In a bishiya ne, wace iri, kuma a wane tsayi? Fan mai zama a bishiya ba kauci ba ne, ba ya shan komai daga jikinta, wurin zama kawai ya samu, amma sanin bishiyar yana da amfani. Inuwa ko rana? Dutsen wane iri ne, tunda akwai nau'o'in da ba sa barin farar ƙasa? Yana da yawa ko ɗaiɗai ne?

Sai abin da bushewa za ta ɓatar. Tsawon ganyen tun yana raye, da yadda yake, a tsaye ko a sunkuye ko a rataye. Launinsa da sheƙinsa, da launin sabon toho, wanda a wasu nau'o'i ja ne. Ƙamshi ko danƙo, in akwai. Pityrogramma calomelanos yana da farin gari a bayan ganye da ke manne wa hannu, irin wannan a rubuta shi. Amma kada ka cika littafi da abin da samfurin zai nuna da kansa.

Ɗauki hoton tsiron a mazauninsa, da bayan ganyen daga kusa, da gindin. Fara da hoton shafin littafi mai lambar, don kada hotunan su rikice maka daga baya.

Mataki na 5: matsewa

A matse a ranar. Buɗe jarida, shimfiɗa tsiron yadda kake son a gan shi har abada, domin yadda ya bushe haka zai zauna. Juya aƙalla ganye ɗaya bayansa ya kalli sama. In ganye ɗaya ne tal, murɗa rabinsa ko wasu fikafikansa, wato ƙananan ganyen da ke jere a gefen sandarsa, a ga fuska a ga baya. Takardar da za a manna shi a kai faɗinta santimita 29 ne, tsawonta 42, kuma kusurwa ɗaya ta takardar bayani ce, saboda haka ka bar fili. Ganyen da ya fi haka tsawo a karya shi da kaifi ya yi siffar V ko N, kada a lanƙwasa shi baka-baka. Inda fikafikai suka hau juna, rage na gefe ɗaya, amma ka bar guntun gindinsu don a san an cire.

Manyan fan, masu ganye mita 2 ko 3, ba sa shiga takarda ɗaya ko ta yaya. Yanki uku ake ɗauka: ƙasan sandar da ɓamɓarokinta da ƙayoyinta, da tsakiyar ganye mai cikakken fiffike ɗaya, da ƙarshen ganye. Lamba ɗaya, amma a rubuta 1 cikin 3, 2 cikin 3, 3 cikin 3. A littafi a sa tsawon ganyen duka, da yawan fikafikansa, da tsayin kututturen, da siffar tabon da tsofaffin ganyaye suka bari a jikinsa.

Na cikin ruwa, irin su Azolla da Salvinia, a zuba su a faranti mai ruwa, a zura takarda ta ƙarƙashinsu a ɗago, a rufe da ƙyalle don kada su manne wa jarida. Marsilea kuma a laluba gindinsa a nemo 'yan ƙullutun haihuwarsa masu tauri, waɗanda suka fi fitowa idan ruwa ya fara janyewa. In babu su, da ƙyar a faɗi nau'insa.

Jerin shi ne kwali, takarda mai shan ruwa, jarida da tsiro, takarda mai shan ruwa, kwali, haka har sama. Kewaye kakkauran gindi da nannaɗaɗɗiyar jarida don ganyen da ke gefensa shi ma ya samu matsi, in ba haka ba sai ya bushe a yamutse. Ɗora allo, durƙusa a kai, ja bel.

Idan ana son binciken ƙwayoyin gado, tun kafin matsewa a yanki ɗan lafiyayyen ganye a sa a ƙaramar leda da garin silika mai shan laima, a rubuta lambar.

Mataki na 6: busarwa da kashe ƙwari

Bayan kwana ɗaya buɗe ka gyara. A lokacin ganyen ya yi laushi, yana karɓar gyara, duk fiffiken da ya naɗe sai ka miƙe shi. Canza takardu masu shan ruwa kullum a kwanakin farko, amma tsiron ya zauna a jaridarsa. Ƙara jan bel, domin tarin yana raguwa.

Iska mai ɗumi da ke ratsa ramukan kwali ita ce ke busarwa. Zafin digiri 35 zuwa 45 a ma'aunin Salsiyas ya wadatar, kuma siraran fan suna bushewa cikin kwana 2 ko 3. Zafin da ya wuce haka yana dafa ganye, ya sa shi karyewa, ya lalata ƙwayoyin gadonsa. Jinkiri kuma fumfuna yake kawowa, ganye ya yi baƙi. Gane bushewa ba wuya: taɓa da bayan hannu, in ka ji sanyi da sauran ruwa. Gindi ne ke bushewa a ƙarshe, shi za ka gwada.

Inda laima ta yi yawa kuma babu halin busarwa, akwai tsohuwar dabara mai sunan Schweinfurth: a ɗaure jaridun da tsirran a leda mai kauri, a jiƙa da sifirit, a busar bayan an dawo. Tana ceton samfur, amma tana kashe launi, tana narkar da farin garin nan na bayan ganye, tana ɓata ƙwayoyin gado. Wanda ya yi amfani da ita ya rubuta haka a takardar bayani.

Bayan bushewa a ɗaure a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, aƙalla awa 72, ma'ajiyoyi da yawa ma mako guda suke yi. In an fito da shi kada a buɗe ledar sai ta huce, don kada raɓa ta sauka a kan tsiron. Babban abokin gaba shi ne ɗan ƙwaron taba, Lasioderma serricorne, wanda tsutsarsa ke mayar da samfur gari.

Mataki na 7: suna

Nemi littafin tsirran yankin ka bi mabuɗinsa, wato jerin siffofin da ake bi mataki-mataki har a kai ga suna, sannan ka kwatanta da samfuran da masana suka riga suka tabbatar. Sunan kimiyya kalma 2 ne, dangi da nau'i, tsarin da masanin tsirrai ɗan Sweden, Linnaeus, ya daidaita a 1753. Sunayen fan sun sha canji: rabe-raben da ƙungiyar masana fan mai suna PPG ta fitar a 2016 ya jera fan da 'yan uwansa cikin iyali 51 da dangi 337, kuma nau'o'i da yawa sun tashi daga inda tsofaffin littattafai suka sa su. Duba rubutun sunan a IPNI, rumbun sunayen kimiyya na tsirrai da ke intanet, kafin ka buga.

In dangi kaɗai ka sani, rubuta shi ka bi shi da "sp." In kana zato, sa "cf." a tsakanin kalmomin biyu. Wannan ya fi cusa sunan da ba ka tabbatar ba, don suna na kuskure yana shiga jerin tsirran yanki ya zauna, ana ta kwafarsa. Fan kuma yana yawan barbara tsakanin nau'o'i. Idan samfur ya ƙi zama ko'ina a mabuɗi, a duba ƙwayoyin haihuwarsa a madubin likita: na ruwa-biyu galibi a motse suke, girmansu ba ɗaya ba.

Duk wanda ya sa suna ya rubuta nasa sunan da shekara. Wanda ya zo daga baya da wani ra'ayi ba ya goge na farko, 'yar takarda yake mannawa a gefe da nasa.

Mataki na 8: takardar bayani da mannawa

Kwafe abin da ke littafi a buga a takarda marar asid: sunan tsiro, wuri, latitud da longitud, tsayi, mazauni, siffa, sunan mai ɗiba da abokan tafiyarsa, lamba, kwanan wata, da lambar izini. Kowane kwafi da tasa. Wurinta kusurwar ƙasa ta hannun dama.

Jera tsiron a kan takardar kafin ka taɓa gam, ka tabbata sorai suna kallon sama. Ɗiga gam kaɗan-kaɗan a sanda da jijiyoyi, ko ka ɗaure da siraran ƙyallen lilin mai gam. Kakkauran gindi ɗinke shi ake yi da zare, a ƙulle ta baya. Salatif haramun ne a wannan aiki, yana yin rawaya ya saki, ya bar tabo. Rufe samfur da roba mai zafi kuma kashe shi ne, domin ba mai iya sake taɓa shi. Duk abin da ya karye ya faɗo, ko fiffike ko ɓamɓaroki, a zuba a ɗan ambulan a manna a gefe. Daga nan masu bincike ke ɗiba ba tare da sun taɓa na manne ba.

Idan wata ma'ajiya za ka kai wa, tambaye su tukuna. Yawancinsu sun fi son a kawo a jarida da takardar bayani, su manna da kansu a irin takardarsu.

Mataki na 9: shigarwa a kwamfuta

Layi ɗaya samfur ɗaya, gurbi ɗaya bayani ɗaya. Kada ka haɗa sunan mai ɗiba da lamba a gurbi guda, ko latitud da longitud. Akwai tsarin da duniya ta amince da shi, Darwin Core, wanda aka tabbatar a 2009, kuma da shi GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya mai hedikwata a Kopenhagen, ke karɓar bayanai. In ka sa wa gurabenka sunayensa tun farko, irin su recordedBy na mai ɗiba, recordNumber na lambarsa, eventDate na rana, ka hutar da kanka. Rana a rubuta ta shekara, wata, kwana: 2024-04-03. Lura da manhajar jadawali, tana son canza irin wannan rubutu da kanta.

Kurakurai 3 ne suka fi yawa. Mantawa da alamar ragi a kudu da yamma, wanda ke jefa tsiro wata nahiya. Musanya latitud da longitud. Da cike gurbin da babu komai da sifili, wanda ke kai samfurin tsakiyar tekun Atlantika, inda layin Ikwaita ya haɗu da na Girinwic. Ɗora duk ɗigoginka a taswira sau ɗaya, za ka ga waɗanda suka faɗa ruwa. Na nau'o'in da ba su da yawa, a ajiye ainihin wurin a ma'ajiya, a dusashe wanda za a sa a intanet, saboda masu tonowa su sayar.

Idan tsofaffin samfura kake shigarwa, kwafi rubutun yadda yake, da kuskurensa da tsohon sunan garin. Fassararka da hasashenka na wurin su shiga wani gurbi daban, da bayanin yadda ka kai gare su. Inda mai ɗiba bai sa lamba ba ana rubuta "s.n." Kuma ka wanke hannu bayan ka gama, domin a da ana shafa wa samfura gubar makuri don korar ƙwari, kuma tana nan a jikinsu.

Mataki na 10: ajiya, rabawa, da haɗa jerin yanki

A ajiye a kwance cikin manyan fayil na dangi-dangi, a kabad mai rufuwa ruf, a ɗaki mai sanyi da laimarsa ba ta kai kashi 60 cikin 100 ba. Ana ɗaga takarda ne da hannu biyu a ajiye gefe, ba a juya ta kamar shafin littafi.

Inda tsiro ya wadata, ɗebo kwafi 3 zuwa 5. Na farko ya zauna a ƙasar da aka ɗebo shi, sauran a raba wa wasu ma'ajiyoyi, ɗaya ya je wurin masanin dangin. A watan Maris na 1943 bom ya ƙone mafi yawan ma'ajiyar Balin, babban birnin Jamus, duk da cewa sashen fan ya tsira, kuma kwafe-kwafen da aka riga aka aika wasu wurare su suka cike giɓi mai yawa. Kowace ma'ajiya tana da harafinta, K na Kew, P na Faris, NY na New York, sai ka rubuta a littafinka inda kowane kwafi ya tafi.

Mai son haɗa jerin fan na wani yanki daga irin waɗannan bayanai ya riƙe ƙa'ida ɗaya: kowane suna a jerin ya tsaya a kan samfur da za a iya zuwa a duba, da sunan mai ɗiba da lamba da harafin ma'ajiya. Ya tace kwafe-kwafe ta hanyar suna da lamba, don ɗiba ɗaya da ke ma'ajiya 4 kada ya zama 4. Ya mayar da tsofaffin sunaye ƙarƙashin na yanzu. Nau'in da samfur ɗaya tak ya nuna, musamman in ya yi nisa da inda aka san shi, ya je ya gan shi da idonsa ko ya nemi hotonsa kafin ya sa shi. Idan ya ɗora komai a taswira zai ga ɗigogin sun taru a bakin hanyoyi da kewayen jami'o'i da tashoshin bincike, don nan masu ɗiba suka fi zuwa. Wuraren da suka fito fari, musamman kwazazzabai da kawunan duwatsu masu wuyar hawa, su ne zai sa a gaba a fita ta gaba, a ƙarshen damina, lokacin da yawancin fan ke ɗauke da sorai.